Tambayi Bashmuhandis (Injiniya): yuriyar da na siya ta bar laka a gindin bokiti, an cuce ni ne?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan makon. Saƙonnin da suka shigo kusan duk akan taki ne, ba mamaki tunda shukar alkama ta matso kuma kowa na lissafin buhu nawa aljihunsa zai iya ɗauka. Na ɗauko guda huɗu, sauran kuyi min haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Bashmuhandis, dan Allah a taimaka min. Bara na siyi yuriya buhu shida a hannun wani ɗan kasuwa da sauƙin kuɗi, na zuba ma dawa amma wallahi kamar ban zuba komai ba, ganyen ya tsaya ɗorawa-ɗorawa alhali gonar maƙocina kore shar. Akwai ragowar rabin buhu, jiya yarona ya zuba hannu ɗaya a bokitin ruwa ya dama sai ga wani abu fari kamar laka ya kwanta a ƙasa. An cuce ni ne? Kuma ina zan kai a auna min? Daga wani manomi a Mai Wurno, ƙasar Sudan.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Abinda yaronka yayi shine gwajin farko da ni kaina nake yi kafin in kunna kowace na'ura, kuma amsar da bokitin ya baku ba mai daɗi bace. Yuriya ta gaskiya narkewa take tas a ruwa, ɗan dishi-dishi kaɗan ba komai bane amma laka mai kwanciya a ƙasa ba daga yuriya ta fito ba, ko farar ƙasa ce ko garin dutse ko yashi mai laushi. Sannan in ka sa hannu a ruwan zakaji yayi sanyi ƙarara kamar daga randa aka ɗebo, don yuriya zuƙe zafin ruwa take lokacin da take narkewa. In ruwan bai yi sanyi ba to da alamar tambaya.

Akwai gwaji na biyu, ka samu tsohon cokali ka ɗora ƙwayoyin kaɗan ka riƙe akan garwashi a waje inda iska ke kaɗawa, kada ka kai fuska kusa. Yuriya na narkewa a wajen digiri 133, zakaga ta zama ruwa tana fidda warin nan mai yaji na amoniya kuma kusan ba abinda zai rage. Gishiri kuwa sai wuta ta kai digiri 800 yake narkewa, a cokalinka sai dai yayi ta tsalle yana ƙara. Wannan gwajin na yuriya ne kawai, duk buhun da kaga an rubuta naitiret a jikinsa kada ka kusanta shi da wuta.

To amma kada ka ɗauka bokiti da cokali sun gama magana. Mai haɗi da ya san abinda yake yi ba yashi zai zuba ba, gishiri zai sa ko amoniyom salfet, su kuma narkewa suke tas kamar yuriyar. Amoniyom salfet taki ne na gaske amma naitirojin ɗinsa 21 cikin 100 ne, yuriya kuma 46 cikin 100, wato buhu mai kilo 50 ya kamata ya baka kilo 23 na naitirojin. In an cakuɗa maka rabi da rabi ka biya kuɗin kilo 23 ka tafi gida da abinda bai kai 17 ba, kuma idonka bazai taɓa gane hakan ba. Anan ne aikin lab yake shigowa, ko ma'amal kamar yadda muke cewa anan.

Bari in gaya maka yadda ake yi don in an miƙo maka takardar sakamako ka san daga ina lambobin suka fito. Hanyar da akafi amfani da ita tsohuwa ce, wani masani ɗan Denmak mai suna Johan Kjeldahl ya fito da ita a 1883 kuma har gobe ana aiki da ita. Ana auna ɗan taki kaɗan, abinda bai kai giram ɗaya ba, a zuba a kwalba mai dogon wuya da asid ɗin salfa mai ƙarfi a dafa shi da zafi sosai har sai ruwan ya washe, a lokacin duk naitirojin ɗin ya koma amoniyom. Sai a zuba masa soda mai ƙarfi a hura tururi, amoniyar ta tashi ta bi bututu ta sauka cikin wani ruwa mai launi, ruwan ya juya kore, daganan a riƙa ɗiga asid ɗigo-ɗigo ana kaɗa kofin har launin ya juye. Yawan asid ɗin da ya ci shine ke faɗin naitirojin nawa ne a ciki. Na sha tsayawa gaban wannan kofin, kuma duk ranar da launi ya juye min da wuri kafin hannuna ya gaji da kaɗawa gabana faɗuwa yake, don na san wani bawan Allah ne ya saida akuyarsa ya siyo wannan buhun. Gishiri kuma kamunsa ba wuya, ɗigo biyu na ruwan azurfa mai naitiret sai ruwan yayi fari kamar kindirmo, salfet shima akwai nasa ruwan na bariyom. Sai danshi, don wani manomin ruwa ake sayar masa a farashin taki.

Yanzu ga inda nakeso ka bani kunnenka sosai, maganar samfur. Wata rana wani dattijo ya shigo mana da taki a ƙulle cikin gefen rawaninsa, cikin tafin hannu ɗaya, yace daga bakin buhu ya ɗebo bayan buhun ya kwana arba'in a buɗe a zaure. Mun auna masa don kada ya koma da ɓacin rai amma takardar bata amfane shi ba, ɗan kasuwar cewa yayi wa ya shaida daga buhuna ya fito, shikenan magana ta mutu. Na'ura abinda aka bata take aunawa, bata san buhu ba bata san kasuwa ba. Don haka in buhunan basu kai goma ba a ɗiba daga kowanne, in sun fi haka a zaɓi aƙalla goma daga sama da tsakiya da ƙasan tari, banda waɗanda mai shago ya nuna maka da hannunsa. Ka nemi ƙarfen nan mai rami da 'yan hatsi ke soka ma buhu, a kwantar da buhun a soka daga wannan kusurwa zuwa waccan don ya ratsa tsakiya, saboda masu haɗi mai kyau suke sawa a baki. A haɗe duka akan leda mai tsabta a juya sosai, a raba huɗu a ajiye kashi biyu masu kallon juna gefe, a sake juya sauran a sake rabawa har ya rage kamar kilo ɗaya da rabi. Wannan shi za'a kasa uku a kwalba busasshiya mai murfi, ɗaya na lab ɗaya naka ɗaya na ɗan kasuwa, a liƙe, a rubuta kwanan wata da lambar da ke jikin buhu, kai da shi da shaidu ku sa hannu. Kuma a yi wannan a shagonsa kafin kaya su hau kura.

Rabin buhun naka na bara gaskiya bazai tsaya maka a gaban hukuma ba tunda ya daɗe a buɗe, amma zai iya gaya maka ko ka sake komawa wannan shagon ko a'a. Wurin kaiwa kuwa, hukumar da doka ta ɗora ma wannan aiki itace ta Muwasafat da Maƙayis, wato mai kula da ingancin kaya da ma'auni, ita ke duba kayan da ake saukewa a Bur Sudan, sannan akwai Hukumar Binciken Noma da cibiyarta ke Wad Madani da sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Jazira. Kowa ya san abinda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 yayi ma ɗakunan gwaji a Khartum da Madani, don haka kafin ka kashe kuɗin mota ka fara zuwa ofishin noma na wilayarku a Singa ko Sinnar su gaya maka inda ake karɓa yanzu. Kuma ku haɗu ku goma ko ashirin da kuka siya a wuri ɗaya ku biya tare, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka.

Abu ɗaya da bazan ɓoye maka ba, wani lokaci takin lafiyarsa ƙalau zubin ne ya ɓata. Baƙar ƙasar nan tamu ta bakin Nilu mai kanwa-kanwa ce, in ka watsa yuriya a sama rana na dukanta ba'a rufe ba ba'a bata ruwa ba, wani kaso mai yawa iska ke tafiya da shi. Naka dai lakar bokiti ta riga ta bada shaida, amma bana ka binne ko ka bi shi da ruwa nan take.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni ina aiki a Madina, duk shekara ni nake tura ma mahaifina kuɗin taki a Jazira, yana noman alkama da ɗan lambun jarjir (wani ganyen salak) da lalo wanda daga ciki ƙannena ke ci. Naji wata likita anan tana cewa takin DAP akwai guba a ciki mai kashe ƙoda, tun ranar hankalina bai kwanta ba. In ce ya dena ne? Daga 'yarka a Madina.

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah yayi miki albarka ya saka miki da abinda kike ma mahaifinki. Kada kice ya dena, amma likitar ba ƙarya tayi ba, bari in warware miki.

Gubar da take nufi sunanta kadmiyom, wani ƙarfe ne, kuma ba wani mugu bane ya zuba shi, tare da dutsen fosfet Allah ya halicce shi. DAP da sufa da NPK duk daga wannan dutse ake sarrafa su. Dutsen da ya samu daga kwantaccen tsohon teku, irin na Maroko da Tunisiya da Togo da Senegal, yawanci yafi yawan kadmiyom, wanda ya fito daga aman wuta irin na yankin Kola a Rasha da Falaborwa a Afirka ta Kudu nashi kaɗan ne. Amma ko a ƙasa ɗaya wannan rami ba ɗaya yake da wancan ba, saboda haka sunan ƙasa a jikin buhu baya wanke taki kuma baya kada shi, har wanda ake haƙowa a Jalamid can arewacin ƙasar da kike, kowanne awo ne ke faɗin gaskiyarsa. Yuriya ita bata cikin wannan magana don daga iskar gas ake yinta.

Abinda ke tada min hankali da kadmiyom shine baya da launi baya da wari baya ƙona shuka, gona zatayi kyau yabanya tayi kore, shi kuma yana taruwa a ƙasa shekara da shekaru, saiwa ta ɗauka ta kai ganye, kuma wanki baya fidda shi don a cikin ganyen yake. In ya shiga jiki ƙoda yake nufa ya zauna, rabinsa ma kafin ya fita sai shekara 10 zuwa 30. A Jafan, yankin Toyama, ruwan kogin Jinzu ya kwaso shi daga wurin haƙar ma'adinai ya shiga gonakin shinkafa, mutane musamman mata masu shekaru ƙodarsu ta lalace ƙasusuwansu suka riƙa karyewa, har aka sa ma cutar suna itai-itai saboda kukan zafin da suke yi, gwamnatinsu ta amince da sanadin a 1968. Wancan ba taki bane ya jawo kuma yawansa ya wuce na taki nesa ba kusa ba, na kawo shi ne don ki san irin ɓarnar ƙarfen.

Yanzu lissafi. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2019 wadda ta fara aiki a Yulin 2022, tace kada ya wuce miligiram 60 a kowane kilo na fosfet ɗin da ke cikin taki. DAP fosfet ɗinsa 46 cikin 100 ne, kenan buhu mai kilo 50 na da kilo 23, in ya tsaya daidai kan iyakar kadmiyom ɗin cikinsa bai kai giram ɗaya da rabi ba. Kinga ba abinda zai kwantar da mutum a damina ɗaya bane, tsoron na shekaru ne. Kuma ƙasar Jazira tana da wata rahama, yumɓu ce mai kanwa, irinta riƙe kadmiyom take bata sakinsa ma saiwa da sauƙi kamar ƙasa mai tsami. Inda yake samun hanya shine in ruwan ban-ruwa yayi gishiri ko ƙasa ta rasa zinki. Ganye irin jarjir da latas sunfi hatsi ɗauka, don haka ni da nine mahaifinki lambun da yara ke ci zanfi sa ma ido, in rage masa DAP in ƙara ruɓaɓɓen takin dabbobi.

Gano shi kuma ba aikin bokiti bane ko kaɗan. Ana niƙe takin a dafa shi a haɗin asid biyu masu ƙarfi, kashi uku na haidurokulorik kashi ɗaya na naitirik, a tace, sai a shigar da ruwan na'ura. Akwai mai fesa ruwan cikin harshen wuta ta haska masa fitilar da aka ƙera don kadmiyom kawai, yawan hasken da ya shanye shine yawan ƙarfen. Akwai babbar da ake kira ICP mai wutar da ta kai dubban digiri, ita a zama ɗaya zata karanto kadmiyom da dalma da asinik da kuromiyom da nikel. Lab na ƙwarai kuma dole ya haɗa da kwalbar da ba taki a ciki sai asid zalla, da wani samfur da aka riga aka san adadinsa, in wannan bai fito daidai ba duk awon ranar zubarwa ake. Shiyasa ake tambaya ko lab na da shaidar ISO 17025, wato takardar da ke tabbatar da ƙwarewar ɗakin gwaji.

Abu biyu ki gaya ma Baba. In za'a ɗebi samfur don wannan gwaji kada a taɓa shi da langa ko gwangwani ko cokalin tagulla, roba ko bakin ƙarfe marar tsatsa kawai, don langa ita kanta tana iya sa masa zinki da kadmiyom. Na biyu in takarda ta fito a duba awon akan me akayi shi, in an rubuta miligiram 20 a kilo na takin gaba ɗaya to akan fosfet zalla ya kama wajen 43 kenan, mutane da yawa anan suke ruɗewa. Ke kuma tunda kuɗin daga hannunki suke fitowa kina da bakin magana, kice a siya a wajen dila mai rajista, a nemi takardar gwajin wannan lodin, a duba lambar takardar tayi daidai da ta jikin buhu.

TAMBAYA: Malam na fesa ma lemun tsami na yuriya a ganye, bayan sati biyu bakin ganyen ya koma rawaya. Bokiti kuma bai nuna min komai ba. Mai lambu daga Kasala.

AMSA: Malam mai lambu, ko dai ruwan yayi kauri ko ka fesa da tsakar rana, in ba haka ba to ina zargin bayuret. Wani sinadari ne da ke samuwa in yuriya ta sha zafi fiye da kima a masana'anta, a ƙasa kashi 1 cikin 100 baya damun yawancin shuka amma a ganye lemu baya jurewa, na feshi ana son wanda bai wuce rubu'in kashi ɗaya ba kuma ana rubuta hakan a buhunsa. A lab ana haɗa shi da ruwan jan ƙarfe mai salfet sai ya bada launin shunayya, na'urar haske ta auna kaurin launin, gwaji ne mai sauƙi. Ganyen da ya riga ya ƙone bazai dawo ba, sauran buhun ka zuba a ƙasa nesa da gindin bishiya kaɗan ka bada ruwa.

TAMBAYA: Ustaz, abokina na aikin zinariya yana da na'urar hannu kamar bindiga da ake ɗora ma dutse ta faɗi ƙarafan ciki. Zan iya auna takin zinki da ita? Wani ne ke kawo mana shi a buhu ba rubutu, araha sosai. Ɗalibi daga Gadarif.

AMSA: Ƙanena, wannan na'urar XRF ce kuma zata taimaka a matsayin tankaɗe na farko. In dalma ko asinik yayi yawa zata nuna maka cikin minti ɗaya, amma ɗan adadin kadmiyom da doka ke magana akai sau da yawa wuce ta yake musamman in an saita ta don dutsen zinariya, saboda haka in tace akwai ka yarda, in tace babu kada ka saki jiki sai lab ya tabbatar. Ka niƙe takin lukui ka auna wuri uku ko huɗu, kuma kada a riƙe samfur a hannu ko a saita ta ga jikin mutum don haskenta irin na hoton asibiti ne.

Shi kuma buhun da ba rubutu, dan Allah ku dakata da shi. Takin zinki mai araha wani lokaci daga tokar masana'antar narka ƙarfe ake haɗa shi, irin wannan toka dalma da kadmiyom ɗinta na iya ninka na DAP sau da yawa. Mun ga abinda dalma tayi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu daga ƙurar dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje, can ba taki bane amma ƙarfen ɗaya ne kuma hanyar ɗaya ce, ƙura a hannun yaro zuwa baki. Kafin sakamako ya fito ku fidda buhunan daga ɗakin kwana da inda ake ajiye hatsi, wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, kuma buhun in ya ƙare kada a zuba dawa ko riɗi a ciki. In abokin naka ya auna ka turo min lambobin yadda suka fito a fuskar na'urar, har da waɗanda baka gane ba, in duba maka.